Dutsen Adar da Ɗakin Ticha

To shi ne fa na sunkuya na ɗauki dutsen da hannu biyu, na juya shi, sai ga ƙumba. Ƙumbar teku, jama'a! Irin wadda muke tsinta a bakin ruwa in mun je wanka ranar Lahadi, ga ta kwance a cikin dutse da zanenta tsaf, kamar jiya aka danna ta cikin taɓo. Na goge da bakin rigata, sai ga wata a gefenta, ga wata ƙarama a ƙarƙashi, har da wani abu mai murɗe-murɗe kamar katantanwa. 

A kasuwar albasa ta Agbogbloshie ne wannan ya faru, lokacin ina aikin ɗinke bakin buhu da basilla. Wata babbar mota ce ta zo daga Nijar, aka gama sauke ta, direban ya zare dutsen da ya tokare taya da shi ya yar a gefe. Na bi direban da gudu. Wani Ba'adare ne, mutumin yankin Adar a Nijar, dogo, idonsa ja wur don rashin barci.

"Maigida, don Allah ina ka samo wannan?"

Ya kalle ni, ya kalli dutsen. "Wanga dutsi? Ƙasarmu cike take da su. Gona ma ba ta nomuwa sai ka kwashe su."

"Akwai teku a wajenku ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Teku? Mu da sai mun haƙa rijiya mun gaji kafin mu ga danshi? Bisa tudu muke, tsakiyar duwatsu. Ɗauki abinka, in na dawo in kawo maka buhu guda."

Ku duba fa. Ƙumbar teku a kan tudu, a ƙasar da ruwan sha ma wahala yake. Ni kuwa makaranta ban yi nisa ba, amma duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karanta ta, ko da wadda aka naɗe ƙosai ce. Tsofaffin littattafan da ake bajewa a bakin titi a unguwar Tudu, waɗanda ba bango ba shafin farko, su ne malamaina. Saboda haka nan take na ce wa kaina, wannan Ruwan Ɗufana ne, ruwan zamanin Annabi Nuhu, shi ya hau kan tudun nan ya bar shaida. Na naɗe dutsen a tsohon buhu, na shiga trotro, wato motar haya, zuwa unguwarmu Nima, yana kan cinyata kamar jariri.

Gidanmu na Kawu ne, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tela ne, kekensa na bakin ƙofa a ƙarƙashin rumfar kwano. Gidan yana can gangare, kusa da babban gota, wato kwatar nan da ta raba mu da Maamobi. Ɗakuna ne a jere duk 'yan haya, Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, kowa da harshensa, Hausa ce ke haɗa mu a bakin famfo. Kirista ɗaya ne a gidan, Ticha, mutumin ƙetaren kogin Volta, malamin firamare. Ɗakinsa ne na farko in ka shigo, kuma yana cikinsa tun kafin in yi wayo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, sai shi da rediyonsa da akwatunan littattafai.

Kullum bayan la'asar Kawu zai rufe keke, Ticha ya fito da allon dara da murafan kwalba, su zauna a benci ɗaya suna zagin juna.

"Kafirin gidana, yau ma ka zo a ci ka?"

"Alhaji, tura kaya, bar surutu. Mma ya dafa shinkafa, ina so in gama da kai kafin ya huce."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Mma matar Kawu ce, ita ma ta daina gyara masa tuntuni.

A kan wannan benci na same su ran nan. Na kwance buhu na ajiye dutsen a tsakiyar allon, murafai suka watse. Na fara zuba bayani ko numfashi ba na yi, direba, Adar, tudu, rijiya, ƙumba. Kawu ya shafa dutsen da yatsa ya yi kabbara, ya sake shafawa ya sake kabbara. Ya ce, "Ka gani ko, Ticha? Ko dutse ya san an yi."

Ticha ya sa tabarau, ya ɗaga dutsen wajen haske, ya daɗe yana kallo. Wallahi ya fi mu jin daɗinsa, har murmushi yake yi shi kaɗai. Can ya ce, "Wannan abu yana da kyau ƙwarai. Amma ba ruwan Nuhu ba ne."

Na ce, "To na wa ne?"

"Teku ne. Teku ya zauna wurin nan tun ba mutum ko ɗaya a duniya. Ƙumba ya mutu, ƙasa ya rufe, wani ya mutu a kai, ƙasa ya rufe, sannu-sannu har ya zama dutse. Ruwan wata kaɗan ba ya yin wannan aiki."

Da a nan ya tsaya, da ba abin da zai faru. Kawu ma bai damu ba, ya ce to, Allah ne ya yi tekun, shi ne kuma ya yi Ɗufana, kowanne da lokacinsa. Ni ne dai bakina ya ƙi rufuwa, don na ji ana neman ƙwace min shaidata. Na ce, "To Ticha, ina shaidar ruwan Nuhu take, in ba wannan ba ce?"

Ya ce, "Babu."

Kawu ya ɗago kai. "Ba a littafinku yake ba?"

"Yana ciki, farko-farko ma."

"To?"

"Alhaji, littafi yana koya wa mutum hali. Labarin koyarwa ne, kamar tatsuniya da kaka yake yi wa jikoki don su ji tsoron Allah. Ba lallai an yi shi ba."

Kawu ya sunkuya. Ya tattara murafan da suka faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gwangwaninsu, ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali rana ba ta ko yi ja ba.

Da muka zauna cin tuwo bayan magariba ne ya yi maganar da na gane abin ya yi nisa. Ya ce, "Shekara da shekaru ina zaune da mutumin nan, mutane na cewa don me na ba Kirista ɗakin bakin ƙofa. Ina ce musu mai littafi ne. Mai littafi ko kun saɓa ka san inda ya tsaya, in ya rantse ka san da abin da ya rantse. To wanda ya ce littafinsa tatsuniya ne, da me zai rantse?"

Na ce, "Kawu, ai bai ce duka ba."

"Ci tuwonka."

Daga ranar aka daina dara. Gaisuwa ta koma ina kwana, lafiya, shi ke nan. Ita kuwa gardama sai ta fita daga gidanmu ta bi lungu. Samarin da muke zaman shan shayin ataya tare suka ɗauka, mata a bakin famfo suka ɗauka, har mai wankin hula ya zo ganin dutse. Wata tsohuwa ta roƙe ni in bar ta ta wanke shi ta sha ruwan, wai ciwon gwiwa. Da farko daɗi nake ji, ni ne mai dutse, ni ake tambaya. Daga baya sai na ga magana ɗaya ake ta juyawa kamar waina. Wannan ya ce ina ruwan ya tafi bayan ya janye, wancan ya ce inda ya fito. Wannan ya ce me zaki ya ci a cikin jirgin, wancan ya ce wanda ya halicci zaki bai gaza ƙosar da shi ba. Ba wanda ya taɓa matsawa daga inda yake ko da taku ɗaya.

Shi ma Ticha bai taimaki kansa ba. Samari za su tare shi a bakin ƙofa don su ji bakinsa, shi kuma malamin makaranta, ba a tambayarsa ya yi shiru. Ran nan na ji shi yana cewa, "Chale, abokaina, ku yi tunani. Jirgin katako ne, kuma an sa gara biyu a ciki, mace da namiji. Wa ya kwashe kashin giwa kullum da safe?" Samari suka kwashe da dariya. Kawu na nan kan kekensa, taku kaɗan daga wurin, yana ji. Keken bai tsaya ba, sai ma ƙara gudu da ya yi.

Shekarun nan ne da Babbar Salla ke faɗowa tsakiyar damina. Wanda ya zauna Nima ya san abin da muke yi in hadari ya haɗo: kowa ya ruga da kwandon shararsa ya juye a gota, wai ruwa ya tafi da ita. Na sama su zuba, na tsakiya su zuba, duk ta je ta toshe a ƙarƙashin gada, mu na gangare mu sha. Wata safiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gota ya cika ya tumbatsa, baƙin ruwa mai wari ya shigo tsakar gida har gwiwa. Tukwanen Mma suna yawo, takalma suna yawo, wata kaza ta hau kan turmi ta ƙi sauka. Kowa ya fito da abin da ya samu, bokiti, kwano, ƙwarya, muna kwasa muna watsawa waje, ruwan na dawowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kawu da Ticha suka tsinci kansu baya da baya a bakin zaure, wando a naɗe, kowa na kwasa.

Ticha ya miƙe ya riƙe ƙugu yana haki. Ya ce, "Alhaji, duba Mma. In ka tambaye shi yanzu, zai ce duniya duka ruwa ne. Haka labari yake farawa. Gari ɗaya ya nutse, jikoki suka ce duniya ne."

Na san sulhu yake nema, irin nasa. Kawu bai juya ba. Ni ya kalla ya ce, "Faɗa wa mai magana bokitinsa na yoyo."

Muka kwashi ruwa har azahar. Bayana kamar zai tsage. Tabarmi da katifu muka shanya a kan kwano, ba rana, suka kwana biyu suna wari.

Sai Salla ta zo. A gidanmu in an yanka ragon layya, kason farko da ke fita na Ticha ne, cinya guda, Kawu da kansa yake zaɓa, kamar yadda shi ma in Kirsimeti ta zo yake aiko mana da shinkafa da lemon kwalba. A bana aka raba nama, aka kai wa Dagomba, aka kai wa Zabarmawa, aka kai wa maƙwabta har na bayan masallaci. Ticha na zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo a kunne, faranti na wucewa ta gabansa. Da yamma na ga Mma ta shiga da ɗan kwano a ƙarƙashin mayafi ta fito ba shi. Amma soyayyen nama a ɓoye daban, cinya a bainar jama'a daban, kuma duk gidan sun gani.

Bayan Salla da 'yan kwanaki Kawu ya tsaya a ƙofar Ticha, ya yi sallama, ya ce, "Ticha, yaron nan ya girma. Bai kamata yana kwana a zaure ba. Ina neman ɗaki in sa shi."

A zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, ba a ce wa ɗan haya fita. Cewa ake za a gyara ɗaki, ko ɗa ya girma. Ni ne ɗan da ya girma. Ina tsaye da buta a hannu na ji abin kamar an watsa min ruwan gota. Ticha ya ce, "Na ji, Alhaji. Ba ni lokaci kaɗan."

To a nan ne na tashi haiƙan. Na ce tunda karatu ya kawo wannan, karatu zai warware shi. In na tashi daga kasuwa, maimakon gida sai in bi malamai. Na je wurin wani malami a unguwar New Town da ya yi karatu a ƙasar Larabawa, na jira shi har ya sallami ɗalibai. Ya saurare ni, ya ce ruwa dai an yi shi, wannan ba musu a wurin Musulmi, amma ko ya rufe duniya duka ne ko ƙasar mutanen Annabi Nuhu kaɗai, malamai sun yi magana biyu. Na ji kamar in rungume shi. Na je cocin da Ticha yake zuwa a Maamobi, na samu mai wa'azinsu yana share benci. Da na faɗi wanda nake magana a kai, sai ya dafe kai ya ce su ma ya ishe su, ko a ajin Lahadi sai ya ɗaga hannu. Na koma Tudu na tona littattafai har na samu wani mai hotuna da ke cewa al'ummu da yawa, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, kowace na da labarin babban ruwa da mutumin da ya tsira. Wannan ya burge ni ƙwarai, har yau yana burge ni. Na kai wa Ticha, ya ce ai kowace al'umma a bakin kogi ta zauna, kogi kuwa yana cika. Na kai wa Kawu, ya ce ai shi ya sa, duk jikokin mutanen jirgin ne. Hujja ɗaya, kowa ya ja ta gidansa.

Na gaji, wallahi. Ga ɗinkin buhu tun safe, yatsu duk huda, ido na yaji da albasa, ga jigila tsakanin mutum biyu da ɗakunansu ke kallon juna. Amma na samu abu ɗaya. Da na gaya wa Kawu maganar malamin New Town, sai ya ce, "Ni ban ce sai ya auna min faɗin ruwan ba. Ya ce an yi, ko a gari ɗaya ne." Na ruga wurin Ticha. Ya ce, "Ruwa ya ci gari, mutum ya tsira da iyalinsa a kwalekwale, wannan ba wuya. Na yarda." Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Sai na je wurin Baba mai goro, tsohon abokin Kawu, wanda duk rigimar lungunmu a gabansa take mutuwa. Ya ce a yi ban-haƙuri yadda aka saba. Ga wanda bai sani ba, ban-haƙuri a wurinmu ba zaman shari'a ba ne. Wanda ya yi laifi zai zo da goro, ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa-ƙasa. Dattijo ne zai yi magana a madadinsa. Shi nasa kawai ya sunkuyar da kai, in an gama ya ce a yi haƙuri. Mai gida zai faɗi 'yar magana don ya wanke fuskarsa a gaban mutane, ya ɗauki goro ya fasa, shi ke nan. Ba mai leƙa cikin kowa ya ga ko ya yarda.

Na zaunar da Ticha na karanta masa wannan dalla-dalla. Na ce, "Ticha, don girman Allah, kome aka faɗa kada ka ce komai. A yi haƙuri kawai."

Ya ce, "Na ji. Ni yaro ne?"

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar Kawu. Ticha ya sa farar riga da ya goge, ya zo da goro fari manya a cikin ganye, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma, gwiwoyinsa na ƙara. 'Yan haya suka tsaya daga nesa kamar masu shanya. Baba mai goro ya yi salati, ya fara. Ya ce harshe da haƙori ma suna saɓawa kuma ba wanda ya bar wa wani baki. Ya tuna wa Kawu ranar da Mma ta yi rashin lafiya, wa ya nemo mota. Ya tuna masa wa ya koya wa rabin yaran gidan karatun boko a kan wannan bencin. Ya ce tsufa ya zo musu duka biyu, ba lokacin neman sabon maƙwabci ba ne. Ya tura goron gaban Kawu.

Na ga fuskar Kawu ta saki. Wallahi na gani. Shi ma ya gaji, shi ma yana kewar darar. Ya miƙa hannu, yatsunsa har sun taɓa ganyen, ya ce, "Ai komai ya wuce. Dama na san maganar ba ta kai zuci ba. Ticha ya san an yi Ɗufana kamar yadda littafinsa ya faɗa, subutar baki ce."

Ba tambaya ba ce. Ba wanda ke jiran amsa. Baba har ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Sai Ticha ya yi gyaran murya.

"Alhaji, na gode. A yi haƙuri. Amma ƙaramin gyara kaɗan."

Baba mai goro ya fara tari da ƙarfi. Na taka wa Ticha ƙafa. Bai ko ji ba, yatsansa ya riga ya tashi sama kamar yana gaban allo.

"Ruwa ya ci gari, na yarda. Amma kamar yadda littafi ya faɗa, da giwa da zaki da kowane tsuntsu, da ruwa a kan kowane dutse, wannan ban ce ba. Kuma ba subutar baki ba ne. Na yi tunani a kai shekara da yawa."

Kawu ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.  Baba ya kalli Ticha ya ce, "Kai, bawan Allah, wa ya tambaye ka?" Kawu ya tashi, ya ce wa Baba ya gode da tattaki, ya koma kan kekensa. Goron na nan a kan tabarma har Mma ta zo ta ɗauke.

Na bi Ticha ɗaki raina a ɓace. Na ce, "Minti ɗaya fa, Ticha! Shiru na minti ɗaya!"

Yana zaune a bakin gado yana sa takalmi. Ya ce, "In wani ne, zan yi shiru. Amma Alhaji abokina ne. Ya faɗi abin da ba haka ba a kaina, a gabana. In na yi shiru, kullum muna dara yana zaton na yarda. Zan ci shi dara ina cin shi da ƙarya?"

 Da na faɗa wa Baba mai goro wannan, ya ce, "Shi ya ɗauka Alhajin bai sani ba ne? Ya sani sarai. Ƙofa ya buɗe masa ya wuce, shi kuma ya tsaya auna ƙofar." Har yau in na tuna, wani lokaci in ga gaskiyar Baba, wani lokaci in ga ta Ticha.

Ƙarshen wata ya samu ɗaki wajen wani ɗan'uwansa a unguwar Kotobabi. Muka ɗauko kurar tura kaya, muka loda gado da akwatunan littattafai da rediyo. Kawu bai fito daga rumfa ba. Sai da muka ɗaure kaya, hadari ya fara haɗowa ta gabas, ya kira ni ya miƙo min tamfol ɗin da yake rufe kekensa da shi. Ya ce, "Rufe masa littattafan." Ticha ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Alhaji, sai wata rana." Kawu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Muka tura kura muka hau tudu, mata na fitowa da kwandunan shara suna nufar gota.

A ɗakin da ya bari nake kwana yanzu, a ciki nake wannan rubutu. Nakan je Kotobabi in gaishe shi, ya tambaye ni Mma da kowa, ya tambayi ciwon bayan Alhaji. Kawu kuma in na dawo sai ya ce, "Ka same su lafiya?" bai taɓa cewa wa ba. Bayan la'asar yana zama a benci shi kaɗai da carbi.

Ni dai Musulmi ne, na yarda an yi ruwan. Faɗinsa ne ban sani ba, kuma na daina cewa ƙumbar nan shaidarsa ce, don abin da na ƙara karantawa ya fi karkata wajen tsohon tekun da Ticha ya faɗa. Amma har yanzu in motar Nijar ta shigo kasuwa sai na leƙa ƙarƙashin taya, ba na iya hana kaina. Ku da kuke can arewa, da gaske ne gonakinku cike suke da irin waɗannan duwatsu, kuma me tsofaffinku ke cewa ya kawo su? Ku kuma na zango, in kun taɓa zama a ban-haƙurin da ya watse ana dab da shafa fatiha, ku ba ni labari yadda kuka yi aka sake zama, don ni dabarata ta ƙare.